Baƙin Jirgin Baba Jeremi

Mbakawu, bakin dam
Ranar Laraba

Zuwa ga 'yata Raudatu, mai sunan uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya ke da innarki. Ni lafiya lau, sai ɗan ciwon bayan nan da ke ziyartata in mun ja komar kamun kifi, shi ma da sauƙi. Wayata ta faɗa ruwa, yanzu tarwaɗa ke amsa kira. Shi ya sa kika ga takarda a hannun Kamilu direba, mai kai bandar kifi Garwa. Ki karanta wa innarki, tunda ke ce mai takardar gama firamare a gidan.

Ga magana. Na gaji da su a cikin jirgin wani, nesa da ku. Kamilu ya ce mini akwai wani tsoho, Jeremi, mai gyaran jiragen ruwa a ƙasan gada. Ya ga jirage biyu a gindin bishiyarsa, ya ce ɗaya tsohon jirgi ne da aka gyara, kuma na sayarwa ne. Idan yana da lafiya, abin da na ajiye a wurin innarki zai isa. Sai in yi sallama da maigidana in dawo, in yi su a Binuwai, in kwana a ɗakina.

To, wa zai duba mini shi? Kamilu taya kawai ya sani. Innarki 'yar Pitowa ce, auduga ta sani, ruwan da ya wuce na randa ba ta yarda da shi ba. Ke kuwa tun kina ƙarama kike zama kusa da ni kina miƙo mini ƙusa. Na san kunyarki, Uwata. Ba magana na aike ki ba, kallo na aike ki.

Ki sami ɗan dutse ki ƙwanƙwasa kowane katako. Mai lafiya yana amsawa kamar ƙwarya, ruɓaɓɓe kuwa kamar an bugi katifa. Ki tafi da wuƙar innarki ki danna tsininta, inda ta shige ba gardama, nan akwai ciwo. Ki dubi kan ƙusoshi ko tsatsa ta yi musu hawaye. Ki sa hanci ma, ruɓaɓɓen itace ba ya ɓoye warinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne ki duba bakin jirgin. Da shi za ki fara, da shi za ki ƙare.

Kada ki yi maganar ciniki ko kaɗan, sai na rubuto. Mai sayarwa in ya ga ana so, kuɗi sai ya yi fiffike.

Ki gaida innarki, ki ce mata ina ci ina ƙoshi, amma miyar nan ba miya ba ce.

Mahaifinki,
Mas'udu

*

Garwa, unguwar Yalwa
Ranar Litinin

Zuwa ga Babana,

Wa'alaikumussalam. Ina gaishe ka da kyau. Muna lafiya, Inna ta yi mura amma ta warke, ta koma suyar kifinta a bakin kasuwa. Ta ce ka riƙa shafa man zafi a bayan. Da na karanta mata inda ka ce za ka dawo, sai ta ce in maimaita. Na maimaita. Sai ta tashi ta shiga ɗaki wai hayaƙi ya shigar mata ido, alhali ba a hura wuta ba.

Baba, na je. Inna ta raka ni, amma a ƙofa ta tsaya wurin matar tsohon, Mama Birjit, suka shiga hirar tsadar mai da Fillanci, suka manta da ni. Sai ni kaɗai na bi Baba Jeremi zuwa gindin bishiyar. Gajere ne, yana ɗingisa ƙafa ɗaya, kansa fari fat. Hausarsa ta kasuwa ce, "kai" yake ce mini, wani lokaci kuma "bingel", wato yarinya.

Jiragen biyu ne kamar yadda aka gaya maka. Ɗaya shuɗi ne mai sabon fenti, har da zanen kifi a goshinsa. Ɗayan baƙi ƙirin, an shafe shi da kwalta, an kife shi a kan duwatsu. Baba Jeremi ya nufi shuɗin yana shafa shi yana yabo. Da ƙyar na ce, "Baƙin zan duba." Bai ji ba. Na sake faɗa. Sai ya dube ni, ya dubi jirgin, ya yi dariya har ya riƙe gwiwa, ya ce, "Duba, bingel, kallo ba kuɗi."

Ga abin da na gani a baƙin jirgin.

Katakon maɗaci ne, mai kauri. Tsoho ne ƙwarai, ya ce ya girme ni nesa. Na ƙwanƙwasa shi daga goshi har gindi, duk ƙwarya yake amsawa, sai katako ɗaya a baya wajen hagu da ya ce buf. Na danna wuƙa a nan, ta ɗan shiga. Ƙusoshin sababbi ne, ba hawaye. Haɗin katakon an cusa masa auduga da kwalta tsaf, ban ga inda haske ke ratsawa ba, don na shiga ƙarƙashinsa na kwanta na duba. Mayafina ya kama kwalta, Inna ta yi faɗa. Warinsa na kwalta ne da rana, ba na ruɓa ba.

Tsohon ya zauna a kan bokiti yana kallona har na gama. Da ya ga na koma wurin katakon nan mai buf, sai ya taso ya ƙwanƙwasa da kansa, ya ce, "Kai, gaskiya ne." Ya tambaye ni wa ya koya mini. Na ce Babana. Ya ce babana ɗan wa ne? Na ce ɗan Sarkawa ne. Ya ce, "Ai na gani." Ya ce in dawo jibi zai cire katakon, in riƙe masa ƙusa in ina so. Ban san yadda zan ce a'a ba, kuma ba na son in ce.

Ban yi maganar ciniki ba ko kaɗan.

Baba, jirgin nan ba shi da kyan gani, amma in ka gan shi za ka so shi. Cikinsa faɗi ne da shi, koma za ta kwanta ta miƙe ƙafa.

Mama Birjit ta ba ni gyaɗa dafaffiya a leda. Na ce "useko", wato na gode da Fillanci, ta ce ashe ina da murya.

'Yarka,
Raudatu

*

Garwa, unguwar Yalwa
Ranar Asabar

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka. Muna lafiya. Ba mu ga amsarka ba har yanzu. Mutanen tasha sun ce ruwan sama ya ɓata hanya tsakanin Tibati da Ngawundare, motoci suna kwana a laka, Kamilu ma bai dawo ba. Wannan takardar wani mai babur ɗin kaya da zai bi ta wajenku na ba. Na kasa jira, labari ya yi mini yawa a baki.

Mun sa sabon katakon. Ni na riƙe, shi ya buga. Bayan nan muka birkice jirgin da taimakon masu wankin babur, muka cika cikinsa da ruwa a tudu don mu ga inda zai ɗiga. Da farko ya yi ta zufa ta ko'ina, na ɗauka aikin ya ɓaci. Baba Jeremi ya ce in kwantar da hankali, itacen ƙishi yake ji, in ya sha ya kumbura zai rufe bakinsa. Washegari na koma, ƙasan jirgin a bushe, sai kaji suna hutawa a inuwarsa.

Sannan muka tura shi kogi! Mama Birjit tana bakin gaɓa tana ta ihu, "Tsohon nan, gwiwarka! In ka faɗa ba ni zan tsamo ka ba!" Shi kuwa ko waiwaye. Ya ba ni filafili ɗaya. Baba, jirgin ba ya rawa. Na tashi tsaye a tsakiyarsa, ko gezau. Mun hango dorina can nesa ta fito da kunnuwa, ya gaishe ta da Fillanci kamar maƙwabciya. Na yi dariya da ƙarfi a gaban mutane, ban sani ba sai da na ji muryata ta dawo daga ƙarƙashin gada.

Wani mutum ya zo daga Lagdo neman jirgi. Baba Jeremi ya ja ni gefe ya ce, "Babanka yana son shuɗin nan, ko in ba mutumin Lagdo?" Na ce ya ba shi, ba shi kake so ba. Ya ce, "To, ba komai, Allah ya kawo wani." An ɗora shi a mota jiya. Na ji daɗi da ya tafi, don yanzu namu ya samu inuwar duka.

Inna ta share ɗakinka, ta shanya tabarmarka, ta sa an gyara ƙyauren da ke kuka. Ta ce kada in rubuta maka wannan. Ka yi kamar ba ka gani ba.

Muna jiran ka ce a yi ciniki.

'Yarka,
Raudatu

*

Mbakawu
Ranar Alhamis

Raudatu,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ina fatan kuna lafiya. Takardarki ta ranar Litinin sai yau ta iso, a jiƙe, ta sha laka a aljihun Kamilu. Na shanya ta a kan murhun banda na karanta.

Uwata, aikinki ya yi kyau, ko ni iyakar abin da zan yi ke nan. Amma wane baƙin jirgi? Na tambayi Kamilu, ya ce shuɗin ne na sayarwa. Baƙin na tsohon ne na kansa, mutanen gada duk sun san ba ya sayar da shi.

Bakin jirgin na ce ki duba. Bakinsa, katakon sama da ya zagaye shi, inda ake jan koma tana gogawa. Nan ruwa ke fara cin itace, nan kuma masu gyara ke lulluɓewa da fenti. Ban ce baƙi ba.

Maza ki koma tun yau ki duba mini shuɗin, musamman bakinsa. In lafiya, innarki ta yi ciniki nan take, kada ku jira ni. Dalili kuwa, na yi gaggawa. Da na ji shiru sai na ɗauka komai daidai ne, murna ta ɗebe ni na gaya wa maigidana zan tafi. Ya riga ya ɗauki wani a madadina. Mun rabu lafiya, har ya ba ni tsohuwar koma kyauta. Yanzu ina zaune a rumfar wani abokina, ni da kayana a ɗaure, ina jiran kalma ɗaya daga gare ki.

Kada ki tsorata. Fenti ba ya gudu.

Mahaifinki,
Mas'udu

*

Garwa
Ranar Talata

Baba,

Wa'alaikumussalam. Muna lafiya a jiki.

Fenti ya gudu, Baba. Na san takardata ta biyu ta same ka yanzu. Shuɗin yana Lagdo, kuma ni da bakina na ce a ba mutumin. An ce yana ta kama masa kifi, ba abin da ya same shi.

Na ɗauko takardarka ta farko na sake dubawa a rana. Harafin nan na tsakiyar kalmar kansa a lanƙwashe yake, da ƙugiya. Duk k ɗinka haka suke, mai ƙugiya da marar ƙugiya, sai dai mutum ya yi canki. Ga jirage biyu, ga ɗaya baƙi, sai na canka ba daidai ba. Ba ina ɗora maka laifi ba ne. Da na buɗe baki na tambayi Baba Jeremi wanne ne na sayarwa, da magana ta ƙare tun ranar farko. Tambaya ɗaya ce, na kasa.

Inna ta je da kanta jiya ta tambaye shi ko zai sayar da baƙin. Ya ce a'a tun kafin ta rufe baki. Ya ce shi ya ɗauka ka fasa ne, ni kuma son jirgi ke kawo ni. Ya ce ya ji ba daɗi, amma wannan ba na kasuwa ba ne. Wani tsohon jirgin gyara kuma ba shi da shi, sai ruwa ya janye, masunta sun fara zubar da nasu.

Inna ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi ma da ya fi. Ta naɗe tabarmarka ta jingine a bayan ƙyaure.

Ka yafe mini. Me za mu yi?

Raudatu

*

Mbakawu
Ranar Juma'a

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. Takardunki biyu sun zo kusan tare, na karanta ta dariya kafin ta kuka.

Share hawayenki. Na nuna wa wani malamin makaranta a nan rubutuna, ya ce shi ma baƙi zai karanta. Masunci ne ni, hannuna ya saba da ƙugiya, ko alƙalami na riƙe sai ya lanƙwasa. Mun yi ta dariya a rumfa, ni ma na taya su, ko da yake tawa ba ta kai ciki ba.

Ba zan zauna haka ba. Akwai masu tafiya can ƙarshen dam, inda mota ba ta zuwa, suna neman hannu. Za su tashi bayan kasuwar Tibati mai zuwa, kuma wanda ya bi su sai baɗi. Na ce su ajiye mini wuri. Shekara ɗaya ba ta kashe mutum. In takarda ta yi wuya daga can, kada ku damu.

Abu ɗaya ya faranta mini rai. Kin tsaya a tsakiyar jirgi a kan Binuwai kin yi dariya har gada ta amsa. Wannan na so in gani.

Ki kula da innarki.

Mahaifinki,
Mas'udu

*

Garwa
Ranar Lahadi da yamma

Babana,

Wa'alaikumussalam, muna lafiya, ina gaishe ka, KADA KA BI MUTANEN NAN. Na rubuta da manyan baƙaƙe don kada a yi canki. Na roƙi Kamilu ya sa wannan a hannunka kafin ya sauke ko kwando ɗaya.

Da na karanta wa Inna "sai baɗi", sai ta ci gaba da tsinke kifi. Ni kuwa na ji ba zan iya ba. Yau da hantsi na sa mayafi na fita ni kaɗai. Ta ce ina zuwa? Na ce ƙasan gada. Ta dube ni, ta ce, "Ki gaishe su."

Na tarar sun dawo daga coci. Baba Jeremi yana zaune a kan bokitinsa da farar rigar Lahadi, ya jingina da jirgin. Mama Birjit tana gyaran ganyen miya. Na gaishe su, sannan na tsaya. Na daɗe a tsaye ina murza bakin mayafi. Duk maganar da na shirya a hanya ta zube.

Mama Birjit ta ce, "Ke 'yar nan, in tsayuwa kika zo yi, ga bishiya tana yi mana."

Sai na ce, "Ina son Babana ya dawo." Maganar dai ta fita. Da ta fita kuwa sai sauran suka biyo ta. Na ba su labarin ƙugiya, da aikinka da ka bari, da mutanen ƙarshen dam. Mama Birjit ta yi dariyar ƙugiya har ganye ya zube, sannan ta ga fuskata ta daina.

Baba Jeremi ya ce, "Bingel, zauna." Ya ce shi da yayansa suka haɗa jirgin nan lokacin da suka sauko daga dutse suna samari, ba su taɓa ganin babban ruwa ba. Yayan ya rasu. Ya ce duk mai saye yanzu abin da zai fara yi shi ne ya yanke gindin jirgi ya ɗaura inji. "Ba zan zauna ina kallo a sa masa zarto ba."

Na ce kai ba ka son inji, ka ce yana korar kifi yana cin riba. Ya ce haka kowa ke faɗa kafin ya saya. Ya kau da kai wajen ruwa. Na ɗauka shi ke nan.

Sai Mama Birjit ta aje tire. Ta ce, "Faɗa mata gaskiya mana, tsoho. Ba zarto kake tsoro ba. Tsoro kake ka wayi gari ba ka da abin shiga ruwa." Ta juyo wurina ta ce yana satar jiki ya tura jirgin shi kaɗai da gwiwar nan, ita kuma tana bakin gaɓa tana addu'a har miyarta ta ƙone. Ta ce ta gaji da zama matar mutum biyu, shi da katako. Ya ce mata, "Kai dai ka cika surutu." Ta ce, "Ke ake ce wa mace, shekara nawa ina gaya maka!"

Baba, a nan ne na yi abin da ba ka aike ni ba. Na ce in ya sayar maka, jirgin ba zai bar gindin bishiyar nan ba, nan za ka riƙa ɗaure shi. Na ce ba za a sa masa zarto ba muddin ina da rai. Na ce kuma duk ranar Lahadi in ya dawo coci, za ka ɗauke shi ku shiga ruwa, ya zauna a baya ya riƙe filafili, kai ka yi aikin ƙarfi. Ban san daga ina maganar ta zo ba. Na faɗa da sunanka, kamar ka ce in faɗa.

Baba Jeremi ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Babanka zai yarda da tsoho mai faɗa a jirginsa?" Na ce kana zaune da Inna lafiya. Wallahi subul da baka ne. Mama Birjit ta buga cinya tana cewa sai ta gaya wa Inna, na roƙe ta kada ta faɗa.

Baba Jeremi ya tashi da ƙyar, ya dafa jirgin, ya yi masa magana da yarensu a hankali. Ban ji ba, ba kuma da ni yake ba. Sannan ya ce, "Kira innarka."

Da gudu na je, ban ma tsaya neman babur ba. Inna ta zo hannunta duk man suya. Sun yi ciniki da Fillanci, Mama Birjit tana taya Inna a kan mijinta. Abin da ka ajiye ya isa. Sun ce sai ka zo ka sa hannunka a nasa a gaban sarkin ruwa, sannan ya zama naka.

Af, na duba bakinsa ma. Na bi shi da dutse da wuƙa duk zagaye. Lafiya lau yake.

In alkawarin da na yi ya yi maka nauyi, ka yi mini faɗa a nan gida.

'Yarka,
Raudatu

*

Mbakawu
Ranar kasuwa

Uwata,

Wa'alaikumussalam. Lafiya lau, bayan ma ya daina ciwo.

Kamilu ya same ni a bakin ruwa, buhuna yana cikin jirgin mutanen nan, ƙafata ɗaya a ciki. Ya zo yana ɗaga takarda yana ihu kamar motarsa ta kama wuta. Na karanta a tsaye. Na ce su miƙo mini buhuna.

Alkawarinki nawa ne. Ki gaya wa Baba Jeremi ba zarto, ba inji, kuma ranar Lahadi tasa ce. Ki gaya wa Mama Birjit ta dafa miyarta a natse. Maganar da kika yi a kan innarki kuwa, ni ban karanta wannan layin ba, ruwa ya taɓa shi.

Wani mai mota da zai riga mu tashi zai kawo miki wannan. Ni ina bayan motar Kamilu, ni da komata, a kan kwandunan banda, in ya gama lodi. Za ku ji warina kafin ku gan ni. Kada ki rubuto amsa, ba za ta same ni ba.

Kallo na aike ki, Raudatu, kika sayo mini jirgi da tsoho a ciki. Allah ya yi miki albarka. Ku ɗora ruwan wanka.

Mahaifinki,
Mas'udu